Yadda ake ɗaukar injiniyoyi daga nesa don gina yaren bulokcen, kana zaune a Katsina

Ranar 30 ga Yuli 2023 ɓarayin intanet suka kwashe kuɗin kirifto na fiye da dala miliyan 50 daga rumbunan Curve Finance, wani dandalin musayar kirifto, da wasu da suka dogara da shi. Waɗanda suka rubuta kwangilolin, wato manhajojin da ke riƙe kuɗin suna kuma sarrafa su da kansu, ba su yi sakaci ba, sun saka makullin da zai hana a sake shiga aiki ɗaya kafin shigar farko ta kammala. Makullin ne bai kama ba, domin kwamfailar yaren Vyper, a fitowarta ta 0.2.15 da 0.2.16 da 0.3.0, ba ta fassara shi daidai ba. Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Kuskuren ya kwanta kusan shekara biyu kafin a farga. Kwangilar da aka ɗora a bulokcen kuwa, wato kundin dijital da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ba kamar manhajar waya ba ce da za a turo mata gyara gobe. Yadda aka ɗora ta haka take zama.

Duk kamfanin da ke Katsina ko Daura da ke shirin gina yaren rubuta irin waɗannan kwangiloli masu zartar da kansu, wannan shi ne nauyin da zai ɗora wa wanda ya ɗauka aiki, kuma mai yiwuwa mutumin yana wata ƙasa, ba za a taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba.

Kafin talla: sabon yaren ya zama dole?

Sau da yawa amsar a'a ce. Akwai Solidity, wanda aka faro a 2014 kuma shi ne ya mamaye bulokcen Ethereum. Akwai Vyper mai kama da Python. Akwai Move da aka ƙirƙira a Facebook domin shirin Libra, yanzu bulokcen Aptos da na Sui ke amfani da shi. Solana na tafiya da Rust, Starknet da Cairo, Stacks da Clarity. Idan abin da kake so shi ne manhajar adashi, ko rajistar filaye, ko bin sawun buhunan masara daga kasuwar Dandume zuwa Dawanau, ɗauki mai rubuta Solidity ka huta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hujjar sabon yare ita ce akwai wani kuskure da kake son ya gagara aikatawa. Move misali ne mai kyau: a cikinsa kadara ba ta kwafuwa, ba ta kuma ɓacewa bisa kuskure, yaren da kansa ke hanawa. Haka nan wanda ke son ƙaramin yare na kwangilolin murabaha ko salam, inda ba za a iya rubuta sharaɗin ƙarin kuɗi saboda jinkiri ba ko da an so, yana da hujja. Rubuta hujjarka a shafi biyu: wa zai yi amfani da yaren, wace na'ura zai nufa (EVM mai gudanar da kwangilolin Ethereum, ko WebAssembly), me zai hana, da misalan kwangiloli uku kamar yadda kake son a riƙa rubuta su. In ka kasa cika shafi biyun nan, lokacin ɗaukar kowa bai yi ba.

Wane ne kake nema

A nan aka fi faɗuwa. Akan rubuta talla ana neman "gwanin bulokcen", sai takardu su yi ta zuwa daga masu rubuta kwangila, da masu haɗa shafin intanet da walat (asusun ajiye kirifto), har da waɗanda iyakar saninsu haƙar Pi da danna Hamster Kombat. Direba daban, mai ƙera inji daban. Wanda kake nema injiniyan kwamfaila ne, ko da bai taɓa taɓa kirifto ba. Wanda ya yi aiki a kan LLVM (kayan gina kwamfailoli), ko kwamfailar Rust, ko ya gina ƙaramin yare nasa, zai koyi EVM cikin makonni kaɗan. Mai rubuta kwangila kuwa zai daɗe bai iya tsara tsarin nau'o'in bayanai da ba ya yoyo ba.

Aikin ya kasu gaba da baya. Gaban kwamfaila shi ne karanta rubutu, warware shi bisa nahawun yaren, tantance cewa ba a haɗa lamba da adireshi ba, da fitar da saƙon kuskure da ɗan Adam zai gane. Bayanta shi ne fitar da umarnin na'ura da rage kuɗin gas, wato ladan da ake biya kan kowane umarni da aka gudanar a bulokcen. Sai mai gwaji da tsaro, wanda aikinsa kullum neman karya abin da 'yan uwansa suka gina. Sai kayan aiki: takardun koyarwa, haɗa yaren da VS Code (manhajar da injiniyoyi ke rubutu a ciki), da sauransu.

Ƙaramar tawaga ta mutum uku ta isa farawa: babban injiniya ɗaya, mai taimaka masa, da mai gwaji. Babban shi ake fara ɗauka, shi zai taya ka tantance sauran. Kayan aiki da takardu kuwa, a nan ne za ka jawo matasan gida da suka karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ko Al-Qalam, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina da ta tarayya da ke Daura. Ka sa cikin yarjejeniyar babban injiniya cewa zai riƙa zama da su awa biyu a mako yana duba aikinsu. In ba haka ba, ranar da ya tafi ilimin ya tafi da shi.

Talla da wurin nema

Talla ta zama gajera kuma ta faɗi gaskiya: yaren da za a rubuta kwamfailar da shi (sababbin ayyuka sun fi karkata ga Rust, ta Solidity da C++ aka yi ta, ta Vyper da Python), na'urar da aka nufa, lasisin aikin, awannin da kowa zai kasance kan layi tare, albashi daga nawa zuwa nawa, da kuɗin da za a biya da shi. Faɗi a fili cewa kamfanin a Katsina yake, ka sa lambar rajistarsa ta CAC. Gwani daga Folan ko Indiya ko Ajantina zai bincike ka kamar yadda za ka bincike shi, kuma sunan Najeriya a harkar kuɗin intanet sai an wanke shi da hujja. Rumbun aiki buɗaɗɗe a GitHub (shafin da injiniyoyi ke ajiye manhajojin da suke rubutawa), da shafi biyun nan naka, da fuskarka a bidiyo, sun fi dogon surutu.

Talla kaɗai ba ta cika kamo gwanaye ba. Shiga rumbunan Solidity da Vyper da Move da Cairo da Foundry (kayan gwada kwangiloli) a GitHub, duba waɗanda aka karɓi gyaransu a watanni goma sha biyu da suka wuce, ka karanta gyaran da kuma yadda suka amsa suka. Rubuta wa mutum saƙo na musamman da ke nuna ka karanta aikinsa. Ɗaliban digiri na uku da ke gabatar da takardu a tarukan masana yarukan kwamfuta na PLDI da POPL su ma wuri ne mai albarka, musamman ga aiki na rabin lokaci. A gida kuwa, duba waɗanda suka fito daga Web3Bridge, cibiyar horar da masu rubuta kwangilolin bulokcen da ke Legas, domin matakin mataimaki.

Tantancewa, wadda ita ce zuciyar aikin

Ba a cinikin biri a sama. Takardar tarihin aiki ba ta nuna komai a wannan fanni, don haka a bi mataki huɗu.

Da farko hira ta minti talatin, kyamara a buɗe. Ka ce ya buɗe wani gyara da ya taɓa yi, ya bayyana dalilinsa da abin da zai sauya yau. Mai aikin da hannunsa yakan fara da ambaton aibin aikin. Wanda ya ari na wani yakan tsaya a yabo.

Na biyu, aikin gwaji na awa takwas zuwa goma, kuma a biya shi. Gwani ba ya aikin banza, ƙin biya yana kore na ƙwarai ne ya bar maka marasa zaɓi. Ba shi ƙaramin yare mai lambobi, tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, sharaɗin "idan", da ayyuka masu kiran juna, ya rubuta kwamfailar da za ta fitar da umarnin EVM, a gudanar a Anvil, bulokcen gwaji na Foundry. Aikin ƙarami ne amma cike yake da ramuka, kuma ramukan kake son gani.

A EVM, raba lamba da sifili ba ya tsayar da komai, sifili yake bayarwa a ci gaba. In kwamfailarsa ba ta saka shinge ba, kwangila za ta lissafa rabon riba sifili ba tare da ƙorafi ba. Lambobin EVM faɗinsu bit 256 ne, in lissafi ya haura iyaka sai ya zagayo ya fara daga sifili, in ka ɗebe ɗaya daga sifili sai ka samu lamba mafi girma. Solidity kansa bai fara tsayar da wannan kai tsaye ba sai a fitowa ta 0.8.0, a Disamba 2020. Duba ko ɗan takarar ya yi tunaninsa, ko aƙalla ya rubuta cewa ya bar shi da gangan. EVM tana jibge bayanai ne ɗaya kan ɗaya har 1024, amma hannunta ba ya kaiwa ƙasa da goma sha shida na sama; ba shi aiki mai ɗauke da bayanai ashirin ka ga ko kwamfailar za ta sauke wasu a ƙwaƙwalwa, ko ta ba da saƙon kuskure mai ma'ana, ko ta fitar da shirme shiru. Na ukun nan shi ne mai kashewa. Haka kuma tsarin jibgewa yana da tasiri a ɗebewa da rabawa: in aka juya na sama da na ƙasa, bakwai a ɗebe uku zai koma uku a ɗebe bakwai, tarawa kuwa ba za ta tona wannan ba, don haka mai gwajin da bai wuce tarawa ba ba zai gani ba.

Sai kuɗin gas. Tarawa gas 3 ce, amma rubuta sabon bayani a ma'ajiyar dindindin gas 20,000 ne. Kwamfailar da ke zuwa ma'ajiya a kowane zagaye tana aiki daidai, amma tana ƙona kuɗin masu amfani. Akwai kuma iyakar girman kwangila a Ethereum, bayit 24,576. Wanda ya ambaci waɗannan ba tare da an tambaye shi ba, riƙe shi da kyau.

Mataki na uku ya zama dole yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya rubuta irin wannan aiki: zama na minti casa'in kai tsaye, yana nuna allonsa, a ce ya ƙara wa yaren sabon abu guda, misali maimaita umarni har sharaɗi ya cika. Babu laifi ya yi amfani da waɗannan manhajoji a aikinsa na kullum, abin dubawa shi ne ko ya san hanyar cikin gidan da ya ce shi ya gina. A zaman ka jefa masa tambayar hukunci: me ya sa ba a barin lambobi masu ɗigo irin na sauran yaruka a kwangila? Amsar ita ce dubban kwamfutoci ne ke maimaita lissafi ɗaya, dole kowace ta samu amsa iri ɗaya sak, ɗan bambanci kaɗan ya isa raba kan tsarin. Tambaye shi labarin DAO, wani asusun zuba jari na haɗaka a Ethereum, na Yuni 2016, inda aka janye Ether (kuɗin Ethereum) kimanin miliyan 3.6 ta hanyar sake shiga aiki kafin a rage ma'auni, sannan ka ce wace doka zai sa a yaren don hakan ya gagara. Babu amsa ɗaya tilo, yadda yake auna riba da hasarar kowace hanya kake saurare.

In kai ba injiniya ba ne, kada ka yi wannan zama kai kaɗai. Biya wani gwani na waje na kwana biyu ko uku ya zauna tare da kai.

Na huɗu, wata ɗaya na gwaji da cikakken albashi, a kan aiki na gaske amma mai iyaka.

Tabbatar da cewa shi ne shi

A Mayu 2022 gwamnatin Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ma'aikatan kwamfuta na Koriya ta Arewa na neman aikin nesa da sunayen aro, kuma kamfanonin kirifto na cikin inda suka fi nufa. A Yuli 2024 kamfanin tsaron intanet na KnowBe4 ya bayyana da kansa cewa ya ɗauki irinsu ɗaya bayan hirar bidiyo huɗu. In haka ta samu masu sana'ar tsaro, ƙaramin kamfani a Ƙofar Ƙaura sai ya ninka hattara. Alamomin da ake lura da su: ƙin buɗe kyamara, sunan asusun biya ya saɓa da na fasfo, sauya adireshin walat a kai a kai, garin da ya ce yana zaune bai dace da lokutan da yake aiki ba, dogon shiru kafin kowace amsa kamar ana raɗa masa. Nemi fasfo ko katin ɗan ƙasa a gani a bidiyo, ka kira mutum biyu da ya yi aiki da su ta lambar da ka samo da kanka, ba wadda ya ba ka ba. Takardun shaidar da ka karɓa kuma amana ce, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka.

Tarihi mai kyau a GitHub ma ba hujja ce yankakkiya ba. A Maris 2024 aka gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a manhajar matse fayil ta xz, wadda wani asusu ya dasa bayan ya shafe fiye da shekara biyu yana gyare-gyare na gari har aka yarda da shi. Ƙofar baya a kwamfaila ta fi muni, don za ta shiga kowace kwangila da aka fassara da ita. Kai ma ka kiyaye: kada ka gudanar da aikin gwajin ɗan takara a kwamfutar da walat ɗinka yake, yi a keɓaɓɓiyar na'ura.

Yarjejeniya da biya

Lauya ya rubuta, kuma kada a bar waɗannan a baya: mallakar abin da aka rubuta ta koma kamfani a rubuce, domin wanda ba ma'aikacinka na dindindin ba ne yana iya riƙe haƙƙin aikinsa in ba a rubuta miƙawa ba, lasisin da za a saki aikin da shi, dokar ƙasar da za a bi in an samu saɓani, wa'adin sanarwa kafin rabuwa, kwana talatin ya wadatar. Batun lasisi ba ƙarami ba ne. Kwamfailar Solidity tana ƙarƙashin GPL-3.0, in injiniyanka ya kwafo wani sashe daga can, sharuɗɗan lasisin sun biyo shi cikin aikinka. MIT da Apache 2.0 sun fi sassauci.

A ƙayyade albashi da kuɗi ɗaya tsayayye. Na waje da dala zai nema, kai kuma in kuɗin shigarka naira ne, ka tanadi aƙalla albashin wata shida da dala kafin ka sa hannu, don kowa ya ga yadda naira ta yi a 2023 da 2024. Ana biya ta asusun dala na banki, ko ta kamfanoni irin su Deel da Remote da ke ɗaukar nauyin takardun ƙasar ma'aikaci, ko da USDT da USDC, kirifto masu bin darajar dala. In da kirifto ne, a rubuta sunan hanyar da za a tura, don USDT na kan Tron daban da na kan Ethereum, kuskure a nan kan jawo asarar da ba ta dawowa. Tura dala biyar ko goma tukuna, ya tabbatar ya gani, sannan sauran. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairu 2021, ya sassauta a Disamba 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC. Akantanka ya ajiye rasit da farashin canji na kowace rana da aka biya, ya kuma duba harajin da ake cirewa kafin biya.

Tokin na kamfani, wato kuɗin kirifto da kamfanin ya ƙirƙira, ƙari ne, ba albashi ba. Al'adar da aka saba ita ce a sake shi a hankali cikin shekara huɗu, ba a ba da komai sai an cika shekarar farko. Wanda ya yarda ya yi aiki don tokin zalla, ko dai ba gwani ba ne, ko yana da wata manufa. In kuɗi sun yi kaɗan, Gidauniyar Ethereum da Gidauniyar Web3 sun sha ba da tallafi ga ayyukan yaruka da kayan aiki buɗaɗɗu.

Tafiyar da aiki daga nan

Agogon Katsina yana gaban na Giriniwic da awa ɗaya. Jamus da Folan daidai suke da mu a lokacin sanyinsu, su wuce mu da awa ɗaya a lokacin zafi. Kenya na gaba da awa biyu, Indiya da huɗu da rabi, Ajantina na baya da huɗu. Kalifoniya kuwa tazarar awa takwas ce ko tara, ta yi yawa ga ƙaramar tawaga. Nemi awa uku zuwa huɗu na haɗuwa a rana. Faɗa musu tun farko cewa ba a taro da azahar ɗin Juma'a, kuma jadawali na sauyawa da azumi da sallah biyu; kai ma ka tambayi ranakun hutunsu.

Shugaban da ke yankewa a tsakiyar taro saboda an ɗauke wuta yana zubar da kimarsa. Kada ka dogara da KEDCO: sola da batir da za su riƙe kwamfuta da rauta awa takwas, da layin intanet biyu na kamfanoni daban. Starlink na aiki a Najeriya tun 2023, ya kuma dace da zama na biyu, don a Maris 2024 yankewar wayoyin ƙarƙashin teku ta durƙusar da intanet a yammacin Afirka, a 2021 kuma an rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda tsaro. Shi ya sa kowace shawara kan yaren za a rubuta ta a rumbun aiki, da dalilinta da hanyoyin da aka ƙi. Abin da aka yanke a WhatsApp da murya, bayan wata uku kowa zai tuna shi daban.

Dokokin rumbun su fara aiki tun ranar farko, su hau kowa har da kai. Babu gyaran da zai shiga sai mutum na biyu ya duba. Kowa ya shiga asusunsa da makullin tsaro na hannu irin YubiKey. Sabon ma'aikaci ba ya samun ikon sakin sabuwar fitowa sai bayan wata uku. Kuɗin kamfani su zauna a walat mai sa hannun mutum biyu cikin uku, irin Safe, kuma injiniyan kwamfaila ba shi da dalilin riƙe ko ɗaya.

Ma'aunin aikinsu ba yawan layukan da suka rubuta ba ne. Duba ko kowane kuskure da aka gyara ya zo da gwajin da zai hana shi dawowa. Duba ko injin jefa wa kwamfaila dubban shirye-shiryen da aka haɗa barkatai, irin AFL++ ko libFuzzer, yana gudana kowane dare. Gwaji mafi kama ɓarna shi ne a fassara shiri ɗaya sau biyu, da mai rage gas a kunne da kuma a kashe, a gwama sakamakon. Duk inda suka bambanta, kwamfailar ce ta yi ƙarya. Kafin kuɗin jama'a su hau yaren, kamfanin bincike na waje ya duba kwamfailar kanta, ba kwangiloli kaɗai ba, a kuma buɗe jerin sanannun kurakurai ga kowa kamar yadda masu Solidity ke yi, kowane da lambar fitowar da ya shafa.

Ranar da wani zai bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a cire shi daga GitHub da sauran asusu a ranar, a sauya duk makullin da ya taɓa gani, musamman na sa hannu kan fitowa. Makonni biyunsa na ƙarshe ba na sabon aiki ba ne: ya zauna da mataimakinsa, su bi sashensa layi-layi a bidiyon da za a naɗa, mataimakin ya saki fitowa ɗaya ta gwaji da hannunsa yana kallo, sannan a biya shi kuɗinsa na ƙarshe.